Malam, Wanda Aka Riga Aka Haifa Fa? Martani Kan Binciken Ciwon Sikila

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci daga yankinmu na kudancin Sakkwato ya fitar da maƙala a kan ciwon sikila, wanda wasu ke kira amosanin jini. Maƙalar ta samu karɓuwa, domin ana ta maimaita hujjojinta a majalisun hira daga Tambuwal har Dogon Daji, kuma wasu ma'aikatan lafiya ma sun kama. Wannan karɓuwa ce ta sa na ga shiru ba zai yi ba.

Ga abin da Malam ya ce, gwargwadon fahimtata. Na ɗaya, sikila ciwon gado ne da aka daɗe da gano sababinsa, saboda haka masanan da ke ƙarar da shekaru wajen bin diddigin yadda take daskarar da jini da kumbura jijiyoyi suna maimaita karatun da aka riga aka sauke ne. Na biyu, irin wannan bincike bai taɓa tsinana wa talakan ƙauye komai ba. Na uku, magungunan da ya haifar ko dai sun faɗi ko kuma sun fi ƙarfin aljihun kowa. Na huɗu, mafita ɗaya ce tak: a tilasta gwajin jini kafin aure, a hana mai AS auren mai AS, a karkatar da kowane kwabo zuwa can, ciwon zai ƙare da kansa.

Ba na shakkar niyyar Malam. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaki ɗaya da yaron da ciwon ya tasar wa, ya ji kukansa har asuba, zai so a toshe ƙofar da ciwon ke shigowa. Gwaji kafin aure daidai ne, ina goyon bayansa, kuma na yi murna da Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Inda muka raba hanya shi ne cewar da ya yi gwajin ya wadatar, a rufe ɗakunan bincike. Wannan magana ce mai haɗari, kuma waɗanda za ta cutar suna cikin gidajenmu.

Bari mu ɗauko hujjarsa ta farko, cewa an gama sanin sikila.

Gaskiya ne likita James Herrick ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje a Chicago tun 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Kafin 1950 ɗin su ƙare, Vernon Ingram ya gano cewa canji ne a gurbi guda kacal na ginin wannan sinadari. Har nan Malam ya yi daidai. To amma ina da tambaya. In wannan ne duk labarin, me ya sa za ka ga wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, dukansu SS, ɗaya yana zuwa gona yana hawan keke, ɗayan kuwa ɓarin jikinsa ya shanye tun yana aji biyu na firamare? Me ya sa hunturu ke tayar da ciwon? Me ya sa zazzaɓi kaɗan ke kwantar da yaro mako guda? Siffar lauje ita kaɗai ba ta amsa waɗannan tambayoyi ba.

An daɗe ana zaton ƙwayoyin da suka lanƙwashe ne kawai ke cunkushewa a ƙananan jijiyoyi. Sai a 1980 Robert Hebbel na Jami'ar Minnesota ya nuna cewa ƙwayoyin jinin mai sikila suna da danƙo, suna manne wa bangon jijiya. Daga nan aka shiga tono, abin da aka samo kuwa ya sauya fahimtar ciwon gaba ɗaya. Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa cikin kwana 10 zuwa 20 take lalacewa. Idan ta fashe a cikin jijiya, himoglobin ɗinta ya zube a ruwan jini, sai ya cinye wani sinadari mai suna naitirik oksaid, wanda aikinsa shi ne sassauta jijiya da hana ƙwayoyi manne mata. Jijiya ta tsuke ke nan. Ɓurɓushin himoglobin ɗin kuma jiki na ɗaukar sa a matsayin alamar haɗari, sai bangon jijiya ya kumbura daga ciki. Fararen ƙwayoyin jini su taru su manne, jajaye su manne a jikinsu, ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ma su tashi aiki alhali ba a yanke ko'ina ba. Hanya ta toshe, naman da ke gaba ya rasa iska, azaba ta tashi. Idan hanyar ta buɗe jini ya dawo, dawowar ma takan ƙara hura kumburin. Kumburi na jawo daskarewa, daskarewa na jawo kumburi, kuma wannan yana gudana a jikin mai sikila ko a ranar da yake dariya yana cewa lafiya lau.

Duk mai noman rani a fadamun Kebbe ya san cewa kara ɗaya ba ya toshe magudanar ruwa. Sai laka ta kama gefe, ciyawa ta maƙale, sannan duk abin da ruwa ya kwaso ya tsaya a nan. Wanda yake son ruwa ya isa fangalinsa dole ya san inda lakar ke taruwa. Abin da masu binciken ke nema ke nan a jijiyar jini.

Wannan sani ne ya haɗa abubuwan da muke gani a warwatse muna ba kowanne suna daban. Jaririyar wata bakwai da bayan hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura sumul, suka ɗauki zafi, ba ta yarda ko zane ya taɓa su, uwa ta goya ta zuwa wurin wanzami a yi mata tsaga. Yaron da ya farka da safe baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, aka ce iska ta shafe shi, aka shiga hayaƙi da rubutun sha. Saurayin da gyambon idon sawunsa ya shekara bai rufe ba. Matar da ta haihu lafiya, bayan 'yan kwanaki ƙafarta ɗaya ta kumbura, numfashi ya sarƙe, domin gudan jini ya taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu. Tushensu ɗaya ne. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa, idan ba a ɗauki mataki ba, kusan 11 cikin 100 na masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara 20. Malam, wannan ne karatun da kake cewa an sauke?

Hujja ta biyu ita ce binciken bai amfani talaka ba. A nan tarihi bai goyi bayan Malam ba ko kaɗan.

Bincike ne ya gano cewa toshewar jijiyoyi na kashe saifar yaro mai sikila tun yana ƙarami, saifa kuwa ita ce ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini. Daga wannan fahimta aka yi gwajin da Marilyn Gaston ta jagoranta, aka wallafa a 1986, wanda ya nuna cewa shan penisilin kullum na rage mummunar cutar da ke kashe waɗannan yara da kashi 84 cikin 100. Penisilin maganin attajirai ne? A Jamaika, inda Graham Serjeant ya fara bin yara masu sikila daga ranar haihuwa tun 1973, an koya wa iyaye mata su riƙa taɓa cikin yaro ta ɓangaren hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. In suka ji saifa ta girma farat ɗaya, yaro ya yi fari fat, sai su ruga asibiti. Mutuwa ta wannan hanya ta ragu ƙwarai. Wannan ilimi ba ya buƙatar ko sisi, yatsun uwa kawai yake buƙata, kuma uwa a Jabo ko Kuchi za ta iya koyonsa a zama ɗaya.

Sai maganin haidroksiyuriya. Tun 1948 likita Janet Watson ta lura cewa jarirai sababbin haihuwa ba su cika nuna alamun sikila ba, saboda irin himoglobin ɗin da suka fito da shi daga ciki yana kāre su na 'yan watanni. Wannan magani yana sa jiki ya ci gaba da ƙera irin wancan himoglobin, yana kuma rage yawan fararen ƙwayoyin jini da danƙon da ke sa su mannewa. Wato yana taɓa kumburin da Malam ke cewa bincikensa ɓata lokaci ne. A 1995 aka nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi ga manya. A 2019 wani babban gwaji a Angola, Kwango, Kenya da Uganda ya nuna cewa yaran Afirka da suka sha shi sun samu raguwar tashin ciwo, ƙarin jini, zazzaɓin cizon sauro da mutuwa.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Kano. A 1998 aka tabbatar a Amurka cewa wata na'ura da ake ɗora wa yaro a gefen kai, mai auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tana iya nuna wanda shanyewar jiki ke tafe masa tun bai faɗi ba. Idan aka riƙa yi wa irin wannan yaro ƙarin jini duk wata, haɗarin na raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. Amma ƙarin jini duk wata ba abu ne mai yiwuwa ga yawancinmu ba. Ina jinin, ina kuɗin, ina motar? Sai likitocinmu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, irin su Shehu Abdullahi, Najibah Galadanci da Binta Jibir, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka tambaya ko haidroksiyuriya zai iya tsaya wa waɗannan yara. Suka bi yara 220 da na'urar ta nuna suna cikin haɗari, suka wallafa sakamakon a 2022: waɗanda suka sha maganin, ko da ƙaramin awo ne, kaɗan ne ƙwarai suka gamu da shanyewar jiki. Yaran nan Hausa suke ji, tuwo suke ci, iyayensu ba masu hali ba ne. Da likitocin Kano sun bi shawarar Malam sun ce an gama sanin sikila, wa zai ba mu wannan amsa?

Hujja ta uku tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. An gwada wasu magungunan hana daskarewar jini a kan yara masu sikila, ba su rage tashin ciwo ba. Wani maganin allura da aka ƙera don hana ƙwayoyi mannewa ya samu izini a Amurka a 2019, amma Tarayyar Turai ta janye nata izinin a 2023 bayan babban gwaji ya kasa tabbatar da amfaninsa. A 2024 kamfanin Pfizer ya janye maganinsa Oxbryta daga kasuwa saboda fargabar illa. Maganin gyaran ƙwayar halitta mai suna Casgevy, da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. Babu wanda zai ce wannan na mutumin Kebbe ne a yau.

Sai dai ina so Malam ya duba da kyau. Wa ya gano cewa waɗannan magunguna ba su yi ba? Ai masu binciken ne. Ba don su ba, da yanzu ana nan ana sayar wa mahaifin da ya kai akuyarsa kasuwa allurar da ba ta da amfani. Sanin cewa maganin tsinka jini ba ya hana tashin ciwo shi ma kariya ne, domin a garuruwanmu da zarar an ji kalmar daskarewar jini sai wani ya nufi kemis ya sayi abin da ya ga dama, alhali irin waɗannan magunguna na iya jawo zubar jini idan ba likita ya auna ba. Faɗuwar magani ɗaya tana nuna cewa sarƙaƙiyar ta fi yadda aka zata, a sake duba wani gefen. Tsadar na waje kuwa hujja ce a kan mu yi namu. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa ta taɓa haɗa maganin Niprisan daga wani haɗi na gargajiya da ya ƙunshi masoro, kanumfari da ganyen dawa, gwajin farko ya ba da fata, daga baya harkar sarrafa shi ta durƙushe. Abin da ya kamace mu shi ne mu riƙe irin wannan aiki har ya kai gaci, da gwaji mai tsauri da tallafi mai ɗorewa.

Yanzu mu zo ga ginshiƙin maganar Malam, cewa gwajin aure zai share sikila.

Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Najeriya huɗu yana ɗauke da AS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a ƙasar nan duk shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai. Wannan yawa yana da dalili: a 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa irin ya yaɗu duk inda sauro ya yi yawa. Hana AS auren AS ba ya rage masu AS, domin idan mai AS ya auri mai AA, kowane ciki yana da rabin yiwuwar zuwa da AS. Gwajin zai ci gaba da zama wajibi a kan jikokin jikokinmu.

Mu ƙaddara ma an kafa doka gobe, kowa ya bi. Ma'auratan da suka riga suka yi aure, suna tsakiyar haihuwa, a raba su? Kowane cikin da za su samu yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Auren da ake ɗaurawa a ƙofar gida a ƙauyen da ke da nisa da ɗakin gwaji fa? Gwajin da aka yi da na'ura maras inganci, aka ba mai AS takardar AA fa? Mai AC da ya auri mai AS, suka haifi mai SC, wanda shi ma nau'in sikila ne, don an gaya musu S biyu kawai ake gudu fa? Sannan babbar tambaya: yarinyar da aka haifa jiya a Sanyinna, wadda in Allah ya raya ta za ta yi shekaru da dama da wannan jini, me takardar gwajin aure za ta yi mata? A Amurka da Ingila fiye da 90 cikin 100 na yara masu sikila suna kai girma. A karkarar Afirka, ƙiyasin masana ya nuna cewa a wurare da yawa rabi ko fiye ba sa kai shekara biyar. Jinin iri ɗaya ne. Bambancin yana wajen ganowa da wuri da kulawar da bincike ya koyar.

Akwai kuma wata illa da nake tsoro. Idan aka yi ta nanata wa jama'a cewa mai sikila kuskure ne da bai kamata a yi ba, kuma kashe kuɗi a kansa asara ce, to a gida ma haka za a ɗauke shi. Uba zai yi nauyin jiki wajen kai shi asibiti, dangin miji su ɗora wa uwa laifi su ce daga wajenta ne, alhali daga su biyun ne. Budurwa mai SS ta ɓoye ciwonta har ta shiga ɗakin miji, ta ɗauki ciki ba tare da likita ya sani ba, a daidai lokacin da jininta ya fi saurin daskarewa. Na tabbata Malam bai nufi haka ba, amma magana in ta fita ba ta tambayar mai ita inda za ta sauka.

Ga matsayina. A yi gwajin aure, a inganta shi, limamai da masu unguwanni su tsaya a kai. Tare da shi, a gwada kowane jariri. Akwai ɗan abin gwaji na zamani da ke ba da amsa cikin mintuna da ɗigon jini daga dunduniya, ba ya buƙatar lantarki, ana iya yin sa ranar rigakafi a asibitocin Tambuwal da Kebbe da ƙananan ɗakunan shan magani. Wanda aka samu da sikila a rubuta sunansa, a ba shi penisilin da folik asid, a cika masa allurar rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro. A koya wa uwarsa taɓa saifa, da yawaita ba shi ruwa a bazara, da lulluɓe shi a hunturu, da sanin cewa zazzaɓi ko karkacewar baki ko sarƙewar numfashi ba abin jira zuwa safiya ba ne. A samar da haidroksiyuriya cikin rahusa, tare da awon jinin da shan sa ke buƙata. Tambuwal na da tazarar kusan kilomita 100 daga Sakkwato, Kebbe ta fi haka wahalar zuwa, saboda haka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa turo na'urar auna jijiyoyin kai zuwa yankin lokaci-lokaci, maimakon jiran mai ƙaramin ƙarfi ya nemi kuɗin mota. Wanzamai da ungozoma su ma a jawo su, tun da su ne ke fara ganin hannun jaririn da ya kumbura.

Sannan gwamnatin jiha da masu hannu da shuni su tallafa wa likitocinmu da ɗalibanmu su yi bincike a kan yaranmu. Yaya zafin watan Afrilu da ƙishirwa ke shafar jininsu? Yaya rashin abinci mai gina jiki da yawan zazzaɓin damina ke ƙara kumburin jijiyoyinsu? Wace kulawa ta fi dacewa da mai ciki mai sikila a inda babu bankin jini kusa? Ba wanda zai zo daga Amurka ya amsa mana waɗannan in mu ba mu tambaya ba. Kano ta tambaya, ta samu amsar da duniya ke amfani da ita. Sakkwato ba ta rasa masu ilimin da za su yi irin haka ba.

Malam ya ce rigakafi ya fi magani, kuma na yarda. Amma penisilin da ke hana cuta kama yaro rigakafi ne, na'urar da ke hango shanyewar jiki rigakafi ce, kuma dukansu daga ɗakin bincike suka fito. Ina roƙon Malam ya ci gaba da kiran jama'a zuwa gwajin aure da duk ƙarfin alƙalaminsa, ya kuma janye kiran a daina bincike. Masu sikilar da ke Tambuwal da Kebbe a yau 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, suna da haƙƙin a nemo musu sauƙi, kuma neman sauƙin nan wajibi ne a kanmu.